Saƙon da na ba alhazai su kai wa Bulus

Labarin ya same ni yau da safe, ina zaure ko koko ban sha ba. Hannatu ce ta kira, 'yar Bulus. Ta ce, "Baba Idi, abokinka ya tafi."

Na daɗe riƙe da wayar a kunne bayan ta kashe.

Yawancinku masu bin wannan shafi ba ku san Bulus ba. Wasunku ma ba a haifi iyayenku ba a lokacin da zan ba ku labari. Ku yi haƙuri da tsoho, yau ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku.

A Riruwai muka haɗu, wajen haƙar kuza, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Samari ne mu, leburori, muna ɗaukar ƙasa a kwano daga rami zuwa wurin wanki. Ni ɗan malamin allo ne daga wani ƙauye kusa da Doguwa. Shi ɗan Maguzawa ne daga wajen Tudun Wada, ya shiga addinin Kirista. Ina ce masa Ɗan Mishan, yana ce min Ɗan Malam. Ya gwada juya ni, ni ma na gwada juya shi, muka gaji muka bar juna, muka ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya.

Da azumi, in rana ta take, sai ya karɓi kwanona ya yi min sawu biyu ko uku, ya ce in fake a inuwa kafin in faɗa musu a rami. Bai taɓa shan ruwa a gabana ba. Bayan dutse yake zagayawa, ya dawo yana goge baki, wai ban gani ba.

Ran Lahadi kuma, in ya tafi coci shugaban leburori ya tambayi inda yake, ni na san abin da zan ce.

Shi ya koya min boko, a ƙasa, da tsinke. Yana cewa rubutuna kamar kaza ta yi tono. Wannan rubutun da kuke karantawa nasa ne.

Daga baya ya bar kuza. 'Yan mishan suka koya masa allura da wankin miki, ya auri Saratu, yarinya mai fara'a wadda ba ta taɓa bari na bar gidansu ban ci wani abu ba. Ba a yi shekara biyu ba aka ce ana neman masu aikin magani a Sudan, can kudu, inda faɗa ya ɓarke tsakanin soja da mutanen da suka shiga daji. Bulus ya ce za shi.

Na ce masa ba shi da hankali. Ya ce masu ciwon can ma mutane ne, kuma shi an kira shi. Na raka su har bakin mota ina ta faɗa.

Bayan wata bakwai ko takwas wasiƙarsa ta zo, wani ma'aikacin mishan ya kawo min har wurin aiki. Ya rubuta cewa ɗakin maganinsu na ciyawa ne, wata rana a cika maƙil, wata rana a wayi gari ƙauyen babu kowa, an ji ƙarar bindiga an watse. Yana wanke raunin soja da safe, da yamma a kawo masa wanda sojan ya harba. Ran Lahadi su taru a ƙarƙashin bishiya, yana wa'azi wani yana fassarawa, bai ma san ko abin da ya faɗa ake faɗa ba. Ya ce ban da Saratu babu mai jin Hausa a duk yankin. A ƙarshe ya ce in rubuto ko layi biyu ne, in kai gidan mishan, su za su aika.

Wasiƙa ta biyu gajera ce. Zazzaɓi ya kama Saratu, ta rasu. Shi ya haƙa kabarin da mutum biyu. Mutanen wurin sun zo sun zauna da shi, sun yi kirki, amma babu wanda ya ce masa sannu da bakin da ya sani.

Na zauna na rubuta ta'aziyya shafi biyu. Innata ta ɗaure daddawa da kuka da barkono a tsumma, ta ce mutumin da ba shi da mata ko miyar gida ya samu.

Sai dai ban kai gidan mishan ba.

A lokacin alhazai ta ƙasa suke tafiya, su bi ta Maiduguri, su ratsa Chadi, su shiga Sudan. Kowa a ƙauyenmu ya san Sudan a kan hanyar Makka take. Akwai wani Malam Sule da ke shirin tafiya, na kai masa ƙullin da takardar, na ce in ya isa Sudan ya tambayi Bulus mutumin Tudun Wada, mai allura. Ya karɓa hannu biyu ya ce in sha Allahu. Shi ma a ransa Sudan gari ne kamar Kiru, ka shiga kasuwa ka tambaya a nuna maka gida.

Shekara uku a jere ina yin haka, kowace shekara da wani maniyyaci.

Amsa ba ta zo ba. Ko an gode. Wasiƙunsa ma suka tsaya. Na ce to, Ɗan Mishan ya zauna da Turawa ya zama Bature, daddawarmu ta fara masa wari. Na yi fushi, kuma masu sanina sun san in na yi fushi ba na saukowa da wuri.

Ya dawo bayan shekaru, ya zauna can wajen Zariya, ya sake aure, ya ci gaba da aikin coci da na magani. Sau biyu muka haɗu, duka a wajen jana'iza. Muka gaisa kamar surukai, kowa ya kama hanyarsa.

Haka muka tsufa.

Bara Hannatu ta dawo da shi Tudun Wada da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Na ji labari na share. Amma sa'o'ina duk sun ƙare, matata ta rasu, 'ya'ya suna Kano da Abuja. Wata rana na lissafa na ga a duk duniya mutum ɗaya ya rage wanda ya san ni ina saurayi. Na hau babur daga Kafin Maiyaƙi, inda nake zaune yanzu, na je.

Na same shi a kan tabarma, ya rame, idon nan nasa dai yana nan. Muka gaisa. Ni da bakina ba ya riƙe magana, sai na ce masa shekara sittin da wani abu ina jiran ya ce an gode da daddawa.

Ya ce, "Wace daddawa?"

Na ba shi labarin Malam Sule da sauran. Ya dube ni, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce daga hanyar alhazai zuwa inda yake ya fi daga Kano zuwa Ikko nisa, ga kogi, ga fadama, ga soja a kan hanya. Ya ce lallai wasu bayin Allah sun sha miya mai daɗi a hanyar Makka.

Sai dariyar ta tsaya.

Ya gaya min duk ranar da jirgin ruwa ya kawo jakar wasiƙu yana zuwa ya tsaya. A kira sunayen Turawa, kowa ya karɓi tasa, shi ya koma ya ci gaba da naɗa bandeji. Har ya kai yana magana da awaki da Hausa don kada bakinsa ya manta. Ya daina rubutowa ne da ya ga kamar yana damuna.

Ya ce, "Shekara uku kana aikowa, Ɗan Malam? Ashe ba ni kaɗai ba ne."

Na gyara zama, na cire hula, na ce, "Bulus, sannu da rashin Saratu. Ya haƙuri?"

Ya ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa. Na gode, Idi." Hawaye na bin gemunsa, ni ma nawa na bin nawa. Hannatu ta shigo da ruwa ta juya ta fita.

Ga abin da ban faɗa masa ba, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Ya tafi yana ganin rashin sani ne kawai. Da rashin sani a ciki, gaskiya ne. Amma gidan mishan ɗin nan tafiyar rabin awa ce daga inda nake kwana, kuma ya rubuta min ƙarara in kai can. Kunya na ji. Na ji tsoron a ga ɗan malam ya shiga gidan mishan da takarda a hannu, magana ta kai kunnen mahaifina. Mutumin da ya ɗauki kwanona da azumi, na kasa taka rabin awa saboda shi, ya binne matarsa ya yi ta jira a bakin kogi.

Na so in faɗa masa ranar. Na ga yana farin ciki, na ce bari sai na dawo bayan Sallah. Ban koma ba.

Gobe zan je Tudun Wada. Zan shiga har cikin cocin in zauna kusa da 'ya'yansa, wanda zai gani ya gani.

Allah ya ba Hannatu da 'yan'uwanta haƙuri. Allah ya kashe wutar da ta sake kamawa a Sudan, ya duba duk wanda ke can shi kaɗai yana jiran a tuna da shi. 'Yan'uwa Kirista da ke karanta wannan, ku yi wa Bulus addu'a yadda kuka saba, ya bauta muku da zuciya ɗaya. 'Yan'uwana Musulmi, ku sa iyalansa a addu'a, ni kuma ku roƙa min gafarar Allah, don wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi.