Muna Lafiya, In Ji Furen Kuɓewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 17 ga Shawwal 1446, daidai da 15 ga Afrilu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran taubashina Malam Zaharaddini, tsohon malamin firamare kuma manomin rani a nan gefen Watari, bayan gajeriyar jinya. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo.

Duk wanda ya karanta wannan ya ga ina tsokanar mamaci, ya yi mini uzuri. Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito, don haka tsokanarsa gado ce a wurina, kuma har yau ban ji malamin da ya ce mutuwa tana raba taubasantaka ba. In na yi masa kuka irin na kowa, shi da kansa zai ce Nababa ya fara tsufa.

Zaharaddini, ka tafi ka bar ni da aiki. 'Yarka Ramlat, wadda aure ya kai Fatakwal, ba ta iso ba sai washegari, bayan ƙasa ta rufe ka. Rabonta da kai shekaru ne. Da ta gama kukanta ta zo ta durƙusa gabana ta ce, "Baffa Nababa, ban ga fuskarsa ba. Ina rufe ido in nemo ta, sai ta ƙi tsayawa. A samo mini hotonsa, ko ɗaya ne." Na bugi ƙirji na ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, mutumin da duk yankin nan aka sani da ɗaukar hoto. Sai da maganar ta fita daga bakina na tuna ko kai wane ne.

Ita ce fa ta aiko maka da wayar nan mai kyamara tun farko, don ta riƙa ganinka. Amma kai a gidan malamai ka tashi, kuma mahaifinka ya karantar da kai cewa hoton abu mai rai abin shakka ne. Malamai da dama sun yi maka bayani cewa hoton waya hukuncinsa daban, ka saurare su da ladabi, ka yi musu godiya, ka ci gaba da abinka. Ba ka ɗaukar kowa, ba a ɗaukar ka. Sai dai waya ta riga ta zo, kuma kai ba ka iya barin kyauta ta zauna banza. Ka zagaya gida ka rasa abin da ba shi da rai irin wanda ake gudu, ka fita fadama, ka ci karo da furen kuɓewa ya buɗe, rawaya, da ɗigon ja a tsakiya. Shi ka ɗauka ka tura wa yarinya, ka rubuta a ƙasa: "Muna lafiya." Ta ce, Baba kai nake son gani. Ka tura mata furen wake.

Tun daga ranar garinmu bai sake zama lafiya ba. Mu nan fure saƙo ne kawai. Manomi in ya ga fure, 'ya'yan da ke bayansa yake lissafawa, tsofaffin mata kuwa furen da suka sani shi ne na taba, wanda suke rina haƙora da shi. Ba mu taɓa jin an tsaya kallon fure don shi kansa ba, balle dattijo mai furfura ya tuɓe babbar riga ya rataye a zogale, ya yi rub da ciki tsakanin kunya biyu. Da sanyi ya ja baya, kayan lambu suka fara fure, ba a samun ka a majalisa. Kankana, kabewa, tumatir, rama, har ciyawar da muke cirewa mu zubar, babu wadda ba ka ba haƙƙinta ba.

Ba zan manta ranar da wata mai tallar fura ta hango ka kwance a cikin kabewa ba ka motsi ba. Baiwar Allah ta sauke ƙwaryarta ta ɗora hannu a ka ta saka salati. Muka watsar da fartanya muka rugo, wasu har sun fara tunanin inda za a samo likkafani. Muna isowa ka ɗaga hannu ɗaya ba tare da ka waiwayo ba, ka ce, "Ku yi a hankali, iska nake jira ta tsaya." Shi ya sa ranar Talatar nan, da aka same ni a fadama aka ce ka cika, abin da ya fara fita daga bakina shi ne a koma a duba da kyau, kada fure yake ɗauka. Wanda ya kawo labarin bai yi dariya ba, ni ma daga nan ban sake yi ba sai bayan kwanaki.

Babbar abokiyar gabarka ita ce zuma. Ka gyara zama, ka daidaita hannu, sai ta zo ta shige cikin furen, ga ta kuwa mai rai. Har wurin Liman ka kai ƙararta. Liman ya yi gyaran murya ya ce tun da ba kai ka gayyato ta ba, yana ganin babu komai. Hankalinka bai kwanta ba. Ka koma kana korar ta da hula, ita kuma ta nuna maka cewa ta riga ka zuwa wurin. Ranar Juma'ar da ka shigo masallaci da leɓen sama kamar an ɗora ƙosai, ni na fara tambayar ka ko an tashi lafiya, na kuma sake tambaya, don in ji yadda amsar za ta fito.

Na san ban taimake ka ba, kuma ba aikina ba ne. Da ka ji zan shiga Kano ka ce in taho maka da fulawa, irin wadda ake dasawa a ƙofar ofis, za ka dasa a bakin rijiya. Na ji ka sarai. Na dawo maka da kwano guda na fulawar alkama, na ce ban san wadda kake nufi ba. Ka dube ni, ka dubi kwanon, ka ce, "Allah Ya shirye ka, ɗan gidan gwaggo." Matarka Sakinatu ta yi fanke da ita, kuma kai ka fi kowa ci.

Amma bari in faɗi gaskiya, tun da ranar faɗinta ce. Waccan shekarar da ka ƙi cire albasarka, ka bar ta ta yi tsiri ta yi fure don kawai kana son ganin farin kanta a jere, kowa ya ce Malam ya zautu. Sakinatu ta daina yi maka magana sai ta dole. Da furen ya bushe ka kakkaɓe iri, ka ƙulla a ƙyallaye, ka bi gida gida kana rabawa. A shekarar iri ya yi wuyar samu, kuma akwai gidajen da ba don kai ba da ba su shuka ba. Ba ka taɓa ambata shi ba ko sau ɗaya. Yau rabin albasar da ke fadamar nan jikokin taka ce.

Haka kake da duba marasa lafiya. Ba a kwanta a garin nan ba ka je ba. Matsalar ɗaya ce: in ka gama addu'a sai ka jawo waya ka zauna a bakin tabarma ka fara nuna hotuna, kowanne da tarihinsa. Na san mutum biyu da suka rantse sun warke don kawai ka tashi. Amma na san tsohuwar da ta shekara a kwance ba ta taka fadama ba, wadda kullum take aikawa a kira mata Malam mai fure, ta ga ko wake ya fara. Yaran da ka koyar kuwa, har da masu gemu yanzu, sun cika ƙofar gidanka ranar jana'iza har aka rasa wurin ajiye takalmi.

To, duk wannan bai samo wa Ramlat hoto ba. Na nemi katinka na shaida, aka ce tun ranar da ka zame ka faɗa magudanar ruwa kana bin furen bado, abin da ya rage a kai inuwa ce mai kunnuwa. Na je tsohuwar makarantarku, suka ɗauko hoton malamai na shekarun baya. Na ƙirga kawuna, na ƙirga huluna, hula ta fi da ɗaya. Taka ce, tana leƙowa ta bayan kafaɗar hedimasta. Na nemo mai hoton da ya yi aikin bikin Ramlat, ya bincika ya ce ya same ka. Ƙeyarka ce, kana fita daga zaure da sauri. Na dawo gida na ce a raina, mutumin nan ko ɓarawon shanu bai kai shi iya ɓuya ba.

Kullum na shigo sai yarinyar nan ta ɗago ta dubi hannuna. Ni kuwa sai in kawar da kai. Ranar komawarta tana matsowa, kuma wallahi abin ya dame ni, don ban saba yin alkawari a gidanka in kasa cikawa ba.

Ana jibi za ta tafi, bayan azahar, Sakinatu ta fito da wayarka daga ƙarƙashin matashi ta ce a duba, ko ba komai a ga abin da ya hana mutum zaman gida. Muka zauna a inuwar rumfa mu uku, Ramlat tana ja da yatsa. Fure, fure, fure. Wani ya fito tas, wani ya yi dishi-dishi, wani rabin yatsanka ne ya rufe shi, don ba ka taɓa koyon yadda ake gogewa ba. Sakinatu tana ta sharhi: wannan ranar ce ya bar tuwo ya huce, wannan kuma ranar da aka neme shi ɗaurin aure aka rasa. Har na fara gyangyaɗi, sai na ji Ramlat ta ja numfashi.

Kai ne. Ashe wata rana yatsanka ya taɓa inda bai kamata ba, kyamara ta juyo ta kalle ka, kai kuma hasken rana ya hana ka ganin gilashin. Ga ka nan tun daga gemu har hula, hular ta zame baya, ƙasa a goshinka, harshe ɗan waje tsakanin haƙora. Ba wayar kake kallo ba, abin da ke bayanta kake kallo. Hoto na gaba ka haɗe gira kana leƙen gilashin, ka fara zargin wani abu. Na bayansa tafin hannunka ne ya rufe komai. Na yi dariya har na ƙware, Sakinatu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Ramlat ta koma kan na farkon ta tsaya. Na san fuskarka tun muna yawo ba wando, amma ban taɓa ganin ta haka ba. Babu malamin makaranta a cikinta, babu mai gardama. Idanunka sun yi laushi, kamar na wanda aka miƙa wa jariri.

Ta ce, "Inna, wa yake kallo haka?"

Sakinatu ta share ido ta ce, "Wa kuwa? Kabewa mana. Ni da na yi shekara da shekaru ina dafa masa ita ban samu wannan kallon ba."

Ramlat ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni na samu. Haka yake kallona in ya zaci ban gani ba." Ni ne na fara tashi daga rumfar, don ban so su ga taubashi yana abin da ba a san shi da shi ba.

Kada ka damu, ban sa hoton a nan ba, kuma ba za a manna shi a bango ba. Yana wurin 'yarka, ta tafi da shi. In an tambaye ka, ni shaida ne ba da gangan ka ɗauka ba, kuma wannan ne karo na farko da zan ba da shaida a kanka ba tare da na ƙara gishiri ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sakinatu, da Ramlat da 'yan'uwanta, da ɗalibansa, da manoman fadamar Watari baki ɗaya. Wanda Malam ya taɓa taka wa shuka yana neman inda zai durƙusa, ya yafe masa. Allah Ya jiƙan Malam Zaharaddini, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya yalwata masa shi. Allah Ya sa ya buɗe ido a lambun da furensa ba ya yaushi. Allah Ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa, ni ma Ya ba ni, don tun da aka rufe shi ban samu wanda zan tsokana ya rama ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.