Salik da Ɗanwake a Madina

Na haura shekara hamsin lokacin da na koma ɗaliba. Maigidana ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gidansa, ni kuma na ajiye aikin da na daɗe ina yi na dafa wa 'yan makarantar kwana abinci. Sai na wayi gari babu wanda zan ɗora wa tukunya. Da na ce zan tafi Umra in zauna har aikin Hajji, babban ɗana ya ce, "Inna, ke kaɗai? Ko Larabcin ba kya ji."

Na ce masa bakina na nan, ƙafata na nan. Na bi ayarin wasu mata daga Kano, muna sauka kowa ta kama gabanta.

A farkon shekarun tamanin ne, kafin a rushe tsofaffin lungunan da ke kewaye da Masallacin Annabi. Na sami ɗaki a gidan wasu Hausawa da kakanninsu suka zo Hajji a ƙafa suka zauna. Kullum in na dawo daga masallaci da hantsi, sai in ji wani ƙamshi na fitowa daga gidan da ke kallon namu, in ga 'yan mata na shiga da kwanuka. Matar gidanmu ta ce ai wata baiwar Allah ce ke koya wa masu shirin aure girkin Madina. Na ce ina so. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, amma ta kai ni.

Malamar doguwa ce, baƙa, kusan sa'ata. A Madina aka haife ta, Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana yi tana cusa Larabci. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ya Hajja, aure za ki yi?"

Na ce, "A'a Malama, girki zan koya."

"Tayyib. Wanke hannu."

'Yan matan nan duk jikokina ne a haife. Suna jin Hausa, amma in na yi musu magana da Larabci suke mayar mini. Suka sa mini suna Sitti, wato kaka.

Sambusa ba ta ba ni wuya ba, miyar alkama ma haka. Inda na sha kashi shi ne salik. Shinkafa ce ake dafawa cikin romon kaza har ta narke, a zuba madara da man shanu a yi ta juyawa. Ni kuwa duk rayuwata abin da nake alfahari da shi shi ne shinkafata ta fito warawara. Da na ga tawa ta fara caɓewa sai hannuna ya kai ga wuta zan rage. Malama ta buge mini hannu da ludayi.

"Bar ta! Haka ake so."

Na ce, "A garinmu in amarya ta yi wannan, sai an yi da ita a unguwa."

"Nan ba garinku ba ne. Juya."

Ina cikin mita na manta da juyawar, madara ta kama gindin tukunya, ƙauri ya cika gidan. 'Yan matan suka tuntsire da dariya, ɗaya har da toshe hanci da gyale. Na ji kunya irin wadda rabona da ita tun ina amarya. Washegari ban je ba. Na zauna a masallaci har azahar ina cewa a raina, tsofai-tsofai da ni me ya kai ni.

Da la'asar sai ga Malama da kanta a ƙofar ɗakina, ɗauke da faranti a rufe. Salik ne, fari tas, da kaza a kai da ɗan miyar tumatir mai yaji a gefe. Ta zauna ta ce in ci tana gani. Na ci. Wallahi ban san sanda na share farantin ba. Tun rasuwar maigidana ban ci abinci ya zauna mini haka ba.

Ta ce, "Kin dafa abin da ba ki taɓa ɗanɗanawa ba, yaya za ki san inda za ki? Laifina ne. Gobe ki zo."

Na koma. Na yi ta ɓatawa ina gyarawa, har ranar da ta ɗanɗana nawa ta gyaɗa kai ta wuce. 'Yan matan suka yi mini guɗa.

Ana gab da azumi, wata rana bayan an tashi muna wanke tukwane mu biyu, ta ce akwai abin da take so ta tambaye ni.

"Ummi, Allah ya jiƙanta, tana yin wani abu ina ƙarama. Tana tsinka ƙullu da yatsu tana jefawa a tafasasshen ruwa, ya taso ƙanana-ƙanana, baƙi-baƙi, da santsi. A zuba mai da barkono. Sunan ya ɓace mini."

Na ce, "Malama, ai ɗanwake ne!"

Ta maimaita sunan a hankali, ta sake maimaitawa, sai ta juya mini baya tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Muka bazama nema. Wake bai yi wuya ba. Kuka da kanwa kuwa sai wajen wata tsohuwa 'yar Nijar da ke kasa kaya a bakin lungu muka samu. Aka niƙo mana waken. Ranar da za a yi, Malama ta tara 'yan matan ta ce, "Yau Sitti ce ustaza." Ta ɗaura zane ta tsaya a layi tare da su.

Na kwaɓa ƙullu, na nuna musu yadda ake saki. Na Malama ya riƙa fitowa manya-manya kamar ƙwan kaza. Na ɗauki ludayi na ɗan taɓa mata hannu, na ce, "Rage, Malama." Gidan ya kaure da dariya, ita ta fi kowa yi.

Da aka tsame aka zuba mai da yaji, Malama ta ɗauki ɗaya ta tauna. Duk muka zuba mata ido.

"Shi ne," in ji ta. "Amma na Ummi ya fi wannan santsi."

Na ce to kuka ce ba ta ji ba, hannun kowa da nasa. Ta ce a sake. Muka sake a ranar, na ƙara kuka, ta ce an kusa. Ɗaya daga cikin 'yan matan, wadda ba ta taɓa yi mini Hausa ba, ta miƙo kwanonta ta ce, "Sitti, ƙara mini."

Kafin watan azumi ya kama, Malama ta ce in bar ɗakin da nake in dawo gidanta, akwai aikin buɗa-baki da yawa kuma tana son mai hannu. Na naɗe tabarmata da 'yan kayana, na tsallaka lungun.