Gidan da Ake Noma a Kansa

A shekarar da Baba ya ƙudura rushe ɗakinmu na dutse da laka a unguwar Jarwal ta Makka ya kafa na kwano, labari ɗaya Iya, mahaifiyarsa, ta riƙa ba mu. Da an sallame magariba sai ta hura gawayi, ta ɗora shayi, mu kewaye ta, ta ɗaga murya yadda zai ji daga inda yake kishingiɗe.

Wata alhajiya 'yar ƙasar Sin da Iya ta yi jinya ce ta ba ta labarin, rabi da guntun Larabci, rabi da zane a ƙasa. Wai a garinsu ba a gina gida, haƙa shi ake yi a jikin tudu. Da zafi ciki sanyi ƙalau, da sanyi ciki ɗumi. Gadonsu na laka ne, hayaƙin girki ke bi ta ƙarƙashinsa. Saman gidan kuwa gero suke shukawa. Wani saurayi ya ji kunyar kwana a rami, ya sare itatuwan gonarsu ya yi gida a fili. Kafin sanyi ya wuce, har ƙofarsa ya sa a wuta.

"Sai ya koma ramin?" muka tambaya.

"Ku tambayi ubanku."

Baba ya ce, "Iya, halas, ya isa haka. Dutsen Makka ba ya haƙuwa. Kuma kowa kwano yake sawa yanzu."

"Ban ce ka haƙa ba, ya waladi. Cewa na yi kada ka rushe."

Dariya muka yi, har da ni. Mun ɗauka tsufa ne.

Baba ya rushe shi. Da zafi ya shigo, ɗakin kwanon ya zama tanda. Iya ta koma wuni a gindin katangar maƙwabta da jiƙaƙƙen mayafi a ka, ta daina ba mu labari. Ba ta kai hajjin gaba ba.

Ina da furfura na kai wani dattijo ɗan Sin masaukinsa, na tambaye shi zancen gidan rami cikin wasa. Bai yi dariya ba. Ya ce a irin gidan aka haife shi.

Har yau abin yana ci mini rai. Tsohuwa ta rasa yadda za ta roƙi ɗanta ya bar mata bango mai kauri, sai da ta zagaya ta ƙasar Sin. Mu shida muna zaune a gabanta, ba wanda ya ce, "Baba, a bar mata ɗakinta."