Gonar da Muka Ba Mutumin Angola

Mu mutanen Tambuwal in muka so baƙo, ba ma tambayarsa abin da yake bukata. Abin da muka saba bayarwa, shi muke ɗora masa. Ban gane haka ba sai a kan wani mutumin Angola, a farkon shekarun 'yancin kai, lokacin ina sabon malamin firamare, ina ji da guntun Turancina kamar ni na ƙago shi.

Makanike ne, ya zo tare da masu aikin hanyar Sakkwato. Aiki ya ƙare, suka kwashe injinansu suka bar shi kwance da zazzaɓi. Da ya miƙe, sai ya riƙa gyara kekuna a bakin kasuwa. Turancinsa ya fi nawa rauni, amma da shi ya gaya mini yaƙi ya ci ƙauyensu, matarsa ta rasu a hanya, 'yarsa guda ɗaya tana sansanin 'yan gudun hijira a Kwango, ba ta da lafiya. Abu ɗaya yake nema, guzurin da zai kai shi Ikko, wato Legas, ya hau jirgin ruwa.

Na kai maganar gaban dattawa bayan sallar Juma'a, ban rage komai ba. Tausayi ya kama kowa. Sai kawuna, mai gonaki a Fakku ta ƙasar Kebbe, ya gyara zama.

"Ɗana, ba a ba baƙo guzuri sai an gaji da shi. So kake a ce munka kore shi? A ba shi gona. In yac cika rumbu, shi tafi shi ɗauko ɗiyatai da mutuncinai."

Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, har ina jin daɗin na fito daga mutanen kirki. Da na kai wa mutumin labari, sai ya tambaya ko zai iya sayar da gonar. Na yi dariya, na ce masa ba a sayar da kyauta, ba a kuma mayar da hannun kyauta baya. Wannan dariyar har yau ban yafe wa kaina ita ba.

Kawu ya yanka masa gona a Fakku, ya koma can. Ruwa na sauka aka kira gayya. Maza suka fito da fartanya, mata suka kawo fura ƙwarya-ƙwarya, makaɗi yana zuga samari. Shi kuwa yana tsaye a bakin gona da hularsa a hannu, yana yi wa kowa godiya. Mutumin da gari guda ya yi wa noma, da wane ido zai tsallake ya tafi? Ya zauna ya jira gero.

Geron ya yi kyau, abin haushi. Ana cikin ɗaurin dammuna wasiƙa ta iso makarantarmu daga wani fada, limamin cocin sansanin. Na hau keke na kai masa Fakku da kaina, ina zaton albishir na ɗauko. A tsaye ya karanta ta, ya naɗe, ya sa a aljihu. Yarinyar ta rasu tun da marka, daidai lokacin da muke masa maimai muna rangaɗa kiɗa.

Sai na ce masa ai yanzu rumbu ya cika, kawu ya ce zai iya sayarwa ya kama hanya. Ya amsa mini da Hausar da ya koya a wurinmu.

"In tafi wurin wa, malam?"

Bai tafi ba. A Fakku ya tsufa, a can muka binne shi. Har yanzu in ana yabon halin mutanenmu sai an kawo labarinsa, a ce baƙo ne ya zo wucewa, muka riƙe shi da alheri har ya kasa barinmu. In aka juyo gare ni don in shaida, sai in ce haka ne, mun riƙe shi.