Kwanar da Baba Bulus Ya Sha

Kafanchan zuwa Godogodo

Da asuba muka tashi, ana yayyafi. Mu uku ne: ni, da Baba Bulus, dattijon ikilisiyarmu kuma mai motar, da Mama Saratu ta matan zumunta. Irin citta za mu kai wa 'yar Baba, an danna buhuna a but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, har murfin bai rufu ba. Motar tsohuwa ce, irin wadda ƙafafun baya ke turawa. Da nauyin nan a bayanta ta kama titi daram, duk da santsi. A shinge soja ya leƙo ya ce, "Baba, a sa mu a addu'a," muka wuce.

Godogodo

Da hantsi muka isa. Aka sauke kaya, aka kawo mana kunun acca da ƙosai. Mijin 'yar ya zagaya motar ya ce, "Baba, bari in sa maka duwatsu a but, bayan nan ya zama fanko." Baba ya ce motarsa ba tifa ba ce. Muka juyo.

A kwana

Ba mu yi nisa ba muka tarar da kwanar da ruwa ya kwaso jar laka daga gona ya shimfiɗa a kwalta. Baba ya shiga, ya ɗan taka mai. Kawai sai bayan motar ya zame, muka wulwula, muka tsaya a hannun masu zuwa muna kallon Godogodo. Mama Saratu ta ce, "Yesu!" Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Sai dai jami'an kiyaye haɗurra na tsaye a gaba kaɗan, kuma a kan idonsu aka yi.

Babbansu ya karɓi lasisi ya ce, "Baba, me ya faru?"

To, Hausar Baba ta aro ce, rabin magana yake faɗa ya bar maka sauran. Ya ce, "Yarona, na sha ne kaɗan, sai baya ya gudu."

"Ka sha? Da safen nan?"

"Kaɗan kawai."

A ikilisiyarmu dattijon da aka ce ya sha giya, horo ake sa masa, ya koma bencin baya. Na ce, "Ofisa, kwana yake nufi! Kwana ya sha!"

Aka kawo abin busawa na gwajin giya, Baba ya busa, ba a ga komai ba. Jami'in ya tsuguna ya duba lakar, ya leƙa but ya ga fanko ne. Ya ce doka ba ta tambayar ƙafar da ke tura mota, wanda ya faɗa hannun masu zuwa ana iya kama shi da tuƙin ganganci, har a karɓe lasisi. Amma ya miƙo masa abinsa, ya ce in ƙasa ta jiƙe kada ya ƙara taka mai a tsakiyar kwana.

Da na waiga sai ga Mama Saratu can gefen gona, waya a kunne, tana roƙon matan zumunta su yi mana addu'a. Na ji tana cewa, "Da bakinsa fa ya faɗa." Na ce, "Haba Mama!" Ta ce ai addu'a kawai ta nema.

Gida

Rarrafe muka yi har Kafanchan. A ƙofar gidan Baba muka iske fasto da dattawa biyu a kan benci, matar Baba na tsaye ta riƙe haɓa. Tun ban gama fitowa ba na hau bayani: kwana, laka, abin busawa. Fasto ya saurara har na gama.

Ya ce, "Mun ji, Malama. Amma magana ta riga ta shiga gari. Baba, ranar Lahadi ka ɗan zauna a baya tukuna, sai kwamiti ya duba."

Tsohon nan ya ba ni tausayi ƙwarai. Baba ya kashe mota, ya fito a hankali, ya cire hula ya ce, "Mun gode wa Ubangiji da ya dawo da mu lafiya."

Ni kaɗai na ce amin.