Baƙonmu na Ranar Lahadi

Maigidana yana da farfaɗiya tun kafin mu yi aure, kuma bai ɓoye mini ba. A Unguwar Mu'azu muka fara zama, ciki da falo a gidan haya, yana aiki a wani kamfani a Kudenda. In ciwon ya tashi na san abin yi: in janye kujera, in sa masa matashi, in juya shi gefe har ya farfaɗo. Wannan bai taɓa firgita ni ba.

Abin da ya firgita ni shi ne shirun da ya shiga bayan ya faɗi a wurin aiki an sallame shi. Mutumin da ke cika tsakar gida da barkwanci ya koma kwance yana kallon rufin ɗaki. Ya daina zuwa masallaci, wai kada ya faɗi a sahu. Ya ware kofinsa da kwanonsa, alhali ba wanda ya ce ya ware.

Wata Lahadi sai ga abokin aikinsa, Kirista ɗan Kudancin Kaduna da ke zaune a Sabon Tasha. Daga coci ya taso, da kwat ɗinsa, ga kwalin ludo a hammata.

"Madam, ina mutumina?"

Na ce, "Yana ciki, amma ba ya son ganin kowa."

"Ai ni ba kowa ba ne," in ji shi.

Na kai musu tuwo kwano biyu. Ya mayar mini da ɗaya, ya wanke hannu ya tsoma a na maigidana.

"Ba ka tsoron ɗauka?" maigidana ya tambaye shi.

"Malam, ba a ɗauka. Da ana ɗauka, da Madam ta riga ni."

Ran nan na ji dariyar da na daɗe ban ji ba.

Haka ya dinga zuwa. Wata rana su yi ludo har da rigima, wata rana maigidana ya ƙi ko ɗaga kai, shi kuwa ya zauna abinsa har la'asar. Shi ya matsa masa ya faɗa wa likita cewa ba faɗuwar kaɗai ke damunsa ba, har da ƙuncin rai. Likita ya saurare shi sosai, ya gyara masa magani, ya haɗa shi da mai ba da shawara.

Ciwon bai rabu da shi ba, amma a hankali ya dawo cikin mutane, har ya kafa teburin gyaran fanka a ƙofar gida.

Yanzu abokin ya yi ritaya ya koma garinsu yana noman citta. Sai dai waya. In suka fara hira, nakan rage wutar girki, don na san ba yanzu za a ci abinci ba.