Gwangwanin da ke kafaɗar Mama Laraba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Danladi. Sanƙarau ne ya ɗauke shi cikin zafin bazara, ko aure bai yi ba. Na daɗe ina cewa zan rubuto wa jarida wani abu a kansa, to ni ba mazauni ba ne. Daga aji huɗu na gudu daga makaranta, na yi yaron mota, na yi faci, yanzu ina tallan agogo a Kaduna. Satin da ya wuce ne na ga wata 'yar rediyo a kanti, ba ta fi tafin hannu ba, har da abin sawa a kunne. Na tsaya ina juya ta. Wallahi da Danladi na nan, kafin mai kantin ya kifta ido ya kwance ta ya ga hanjinta.

A Dogon Dawa muka tashi, bakin daji. Su Danladi Gbagyi ne masu zuwa coci, mu Hausawa, darni ɗaya ya raba gidajenmu. Innata, Hajo, da uwarsa, Mama Laraba, aminai ne tun ba a haife mu ba. Kullum da yamma kwanon tuwo ke tsallaka darnin nan, ya dawo da doya ko ganye.

Gyaran keke Danladi yake yi, amma hankalinsa na kan rediyo. Wani direba ya bar masa matacciyar rediyo, wani tsohon soja kuma ya ba shi abin saurare mai kunne biyu, irin mai ƙarfen da ke bi ta bisa kai. Yana da wata 'yar rediyo mai aiki, amma a wajenmu murya ba ta isowa da ƙarfi, sai ka ce mai labarai daga cikin rijiya yake magana. Sai Danladi ya ciro taransista uku, 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke ƙara wa murya ƙarfi, daga matacciyar, ya gasa ƙusa a garwashi ya liƙa su da darma, ya haɗa da batir, ya cusa duka a gwangwanin sigari. Ka jona gwangwanin tsakanin rediyo da abin kunne, sai murya ta tashi ras. Har yau ban gama gane yadda abu kamar ƙwayar wake yake kumbura magana ba. Na tambaye shi, ya ce, "Sule, ni ma tambayarsa nake, bai ba ni amsa ba tukuna."

Ana cikin haka sai Mama Laraba ta daina amsa gaisuwa. Inna ta gamu da ita a hanyar daji ta ɗauko itace, ta yi mata sannu, Mama Laraba ta wuce abinta. Aka sake, aka kuma. Kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Inna ta ce gaba ce ake yi da ita, kuma ba za ta yi wa kowa bara ba. Kwanon tuwo ya daina tsallaka darni. Ita kuma Mama Laraba ta ga an daina aiko mata, ta yi zuciya. Amincin da ya girme mu ya kama hanyar mutuwa, ba wanda ya zagi wani.

Rashin sani ya fi dare duhu. Danladi ne ya gano, ranar da faranti ya suɓuce masa a bayanta ya yi ƙara, kaji suka watse, ita ko waiwaye. Ashe kunne ne ke tafiya, tana ɓoyewa don kada a ce mata kurma. Ta kuma rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa. Ni ma don zai haɗa mata abin ji, yana neman kunnen gwaji ne na sani.

Dabararsa ita ce ya cire rediyo daga lissafin, ya sa 'yar ƙaramar lasifika a bakin gwangwanin ta riƙa ɗaukar magana maimakon fitar da ita. Nan muka sha wuya. Farko abin ya riƙa fito kamar shaho in ya matso kusa da kunne. Muka tsawaita waya, fito ya tafi. Sai ya riƙa mutuwa in an girgiza shi, ashe wayoyin ne ke taɓa jikin gwangwani, muka yi masa shimfiɗar kwali. Sai kuma in riga ta gogi gwangwanin, ka ji kamar ruwan sama a kan kwano. Wannan robar tayar keke ce ta yi maganinsa. Rannan na sa a kunne, ya murɗa abin ƙara murya har ƙarshe ya ce, "Malam kurma, ina kwana?" Na wuni kunnena na kiɗa. Shi kuwa dariya har da faɗuwa.

Da muka kai wa Mama Laraba, ta dubi ƙarfen nan da zai hau bisa kanta, ta dubi ɗanta. Ta ce, "Danladi, a gidan wa aka haife ka? Ka taɓa ganin na ɗora kaya a ka?" Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, kai ba wurin kaya ba ne. Ni Bahaushe a yi mini uzuri, amma shi da ya yi wata da watanni yana sauraron waya, ya manta da uwar da zai sa wa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka koma muka yanke ƙarfen, muka bar kunne ɗaya da zai maƙale a gefen ɗankwali, gwangwanin kuma aka ɗinka masa jakar fata ya zauna a kafaɗa.

Ranar kasuwar Birnin Gwari Inna da Mama Laraba suka haɗu a hanya, ina bayan Inna da keke. Inna ta kawar da kai, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ga sarauniyar nan, ba a gaishe ta." Mama Laraba ta tsaya cak. Ta ce, "Na ji ki, Hajo. Ran sarauniya ya daɗe za ki ce. Ina kwana?" Inna ta dubi wayar da ke kunnenta, ta dubi gwangwanin, ta kama baki. Ta ce, "Laraba, kunne ne? Shi ne kika bar ni ina ta haukana ni kaɗai?" A bakin hanyar suka zauna. Ranar ba wadda ta ci kasuwa.

Bayan rasuwar Danladi gwangwanin bai daɗe ba ya yi shiru. Na buɗe, na sake batir, na gasa ƙusa na bi duk inda na ga ya bi. Na kai wa masu gyara a Kaduna, suka juya shi suna dariya, suka ce ba su san kan wannan haɗin ba. Yanzu an ce akwai na Turawa ƙarami da ke ɓuya a bayan kunne. Na yi wa Mama Laraba maganarsa, ta ce me za ta yi da abin da ba a gani?

Ban gane nufinta ba sai da na je gida da sallar bana. Tana nan da gwangwaninta a kafaɗa, matacce, fatar ta yi baƙi. Duk wanda ya hango shi sai ya matso gabanta, ya ɗaga murya, ya gaishe ta tana kallon bakinsa. Yaran da ba su san Danladi ba ma haka suke yi. Ina tunanin me zai ce in ya gani. Na san dai ba zai yi fushi ba, zama zai yi yana kallo yana sosa ƙeya, yana neman yadda abu ke aiki ba batir.

Na matsa kusa na ce, "Mama, kin san fa ba ya aiki."

Ta ce, "Kai dai ka kasa gyarawa. Tun da ɗana ya ɗora mini shi, ba wanda ya wuce ni bai gaishe ni ba."

Allah ya sa ka huta, Danladi.